Kundin aikin kare layukan tayil a gidanmu na Arkilla, Sakkwato

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Tayil ɗin gidan nan lafiyarsa ƙalau. Abin da ya lalace shi ne cikon da ke tsakaninsu. A kicin layukan da aka cike da farin siminti sun koma ruwan ƙasa, a gaban murhun gas kuma sun yi baƙi ƙirin. A banɗaki akwai baƙin tabo a kusurwoyi da farin gari da ke fitowa a gindin bango. A baranda jan ƙasa ya shige su har ba a iya gane asalin launinsu. Ana goge gidan nan kullum, amma duk wanda ya shigo zai ɗauka ba a gogewa, kuma wannan yana damun uwargida ƙwarai.

Yau na zaga da kofin ruwa na ɗiga a wurare dabam-dabam. A kan tayil ruwan yakan tsaya, a kan ciko kuwa kafin minti ɗaya ya shige, wurin ya yi duhu. Dalilin a fili yake. Tayil mai ƙyalli an gasa shi an rufe fuskarsa, irin na fosilin ma abin da yake sha na ruwa bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Ciko kuwa siminti ne da aka kwaɓa da ruwa. Simintin yakan ɗauki abin da yake bukata, ragowar ruwan ya ƙafe ya bar ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Kamar randa yake, wadda ruwa ke tsattsafowa ta jikinta. Idan mai aiki ya tsinka kwaɓin don ya yi masa saurin shafawa, ƙofofin sukan ƙaru. Duk ruwan wanki da aka ja da tsumma a ƙasa, cikin waɗannan layuka yake sauka, tunda sun fi tayil zurfi.

Niyyata in wanke, in gyara inda ya farfashe, in shafa maganin kariya. Ina son kicin ya kammalu kafin azumi, don a watan ne girki ya fi yawa.

Laraba, 15 ga Janairu

Na shiga shagunan kayan gini na cikin gari. Farin siminti da gam ɗin tayil ko'ina akwai. Maganin kariyar ciko kuwa da yawa daga masu shago ba su ajiye shi, wasu suka miƙo min varnish na katako ko man goge tayil. Daga ƙarshe ƙanena da ke Kano ya samo ya ba direban mota ya kawo.

Kafin in ce masa ya saya sai da na tantance irin da nake so, domin iri biyu ne manya. Akwai mai kwanciya a sama ya yi fata mai sheƙi, yawanci na akirilik. Akwai kuma mai shigewa cikin cikon ya lulluɓe bangon ƙofofin nan ba tare da ya toshe su gaba ɗaya ba. Na farkon yana burge ido a makon farko, amma takalmi da yashi suna goge shi, kuma in danshi ya taso daga ƙasa ba ya samun mafita, sai fatar ta yi fari ta fara ɓarewa. Na biyun ba a ma ganin an shafa shi, tururin danshi yana fita, ruwa kuma ba ya shiga da sauƙi. Shi na zaɓa.

A cikin masu shigewar ma akwai bambancin da ya shafi kicin ɗin Bahaushe kai tsaye. Waɗanda aka yi da sinadaran silen da siloksen suna korar ruwa sosai, amma ba su da ƙarfi a kan mai. Masu sinadarin fulorin su ne ke korar ruwa da mai duka. Gidan da ake suya da man gyada, ake miya da manja, maganin da ruwa kaɗai yake kora bai yi masa rabin aiki ba. Na ce wa ƙanena ya karanta jikin robar, in bai ga an ambaci mai ba kada ya saya.

Na kuma ce ya samo wanda aka haɗa da ruwa, ba mai warin tina ba, kuma ban da na feshi. Mai tina yana kama wuta, ga tukunyar gas a kicin. Na feshi kuwa, a shekarar 2005 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sanar da janye wani daga kasuwa bayan ya taɓa huhun mutanen da suka shaƙe shi a rufaffen wuri. Banɗakinmu taga ɗaya ce ƙarama, ba zan yi wasa da wannan ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Wankin kicin. A nan ne ainihin aikin yake, domin magani ba ya fitar da dauɗa, abin da ya tarar shi yake kullewa a ciki. Kuma cikon da ya ƙoshi da mai ba zai sha komai ba.

Mai tayil ɗinmu ya zo da safe da jarkar asid a hannu. Ya ce, "Alhaji, wanga mu ka sawa, nan take shi ka hidda dauɗa, ka ga layi ya yi hwari tas." Gaskiya ne layin yana yin fari, na sha gani. Na ce masa, "Malam, zuba ɗigo ɗaya a nan bayan ƙofa mu gani." Ya zuba, wurin ya yi kumfa yana tsuwa. Kumfar nan simintin ne ke narkewa. Da dutsen farar ƙasa ake yin siminti, irin wanda ya sa aka kafa masana'antar Kalambaina a nan kusa da mu, wadda ta fara aiki tun 1967, kuma duk abin da aka yi da farar ƙasa asid yana cin sa. Farin da ake gani bayan wankin asid sabon siminti ne da aka kware wa fata. Yana da kaushi, ƙofofinsa sun fi na da faɗi, ya kuma ƙara zurfi. Wata biyu sai ya fi da baƙi, a sake kiran mai asid. Na yi imani wannan zagayen ne ya kashe layukan gidaje da yawa a garin nan, fiye da manja da ƙura. Maganin wanke masai mai asid, da ruwan kal, da lemun tsami, da ruwan tsamiya, duk hanya ɗaya suke bi, sai dai wani ya fi wani sauri.

Mai tayil bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da masu gida ke nema ke nan, su ga fari kafin su biya.

Dauɗar kicin mai ce, mai kuwa abu mai kanwa-kanwa ne ke narkar da shi. Mun tafasa ruwa, muka zuba omo da ɗan garin kanwa, muka jiƙa layukan na kamar minti 15, sannan muka bi su da tsohon buroshin haƙori da buroshin roba mai tauri. Ban yarda da buroshin waya ba, yana kankare cikon kuma yana barin tsatsa. Bayan gogewa aka kwashe ruwan dauɗar da tsumma, aka ɗauraye da ruwa mai tsabta sau da yawa. Ɗaurayar tana da muhimmanci kamar wankin, domin ragowar omo yakan hana magani kamawa.

A gaban murhu wanki bai isa ba. Na kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan ya yi kauri, na lafta a kan layukan, na rufe da leda zuwa gobe. Yayin da kwaɓin ke bushewa yakan jawo man da ya nutse.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kwaɓin ya taso da launin rawaya. Layukan sun yi haske amma ba su koma fari ba. An sake laftawa. Girki ya koma tsakar gida a kan murhun gawayi har sai an gama.

Asabar, 25 ga Janairu

Da dauɗa ta fita sai ɓarnar ta bayyana. Na bi layukan da kan ƙusa a hankali. Inda cikon yake da rai ƙusa ba ta yi masa komai, inda ya mutu sai ya zube kamar gari. Wajen wurin wanke-wanke da bakin ƙofa duk sun mutu, haka layukan gaban murhu da man ya ƙi fita. Shafa magani a kan irin wannan asara ce, domin magani ba ya ɗaure abin da ya riga ya ruɓe.

Mai tayil ya ƙwaƙule su. Ya so ya shafa sabo a kan tsoho, na roƙe shi ya haƙa aƙalla kashi biyu cikin uku na zurfin layin, don ɗan siririn ciko da aka shafa a sama ba ya daɗewa yake ɓallewa. A wannan karon garin ciko na musamman muka yi amfani da shi, wanda ake sayarwa a leda, ba farin siminti zalla ba. Layukan kicin sun kai milimita 4, kuma layin da ya wuce milimita 3 yana bukatar ciko mai ɗan yashi a ciki, in ba haka ba yakan tsuke ya tsage yayin bushewa. Na tsaya a kansa wajen kwaɓi don kada ruwa ya yi yawa. Launin toka muka zaɓa. Na daina sha'awar farin ciko a ƙasan kicin, ko da magani ko babu.

Akwai ciko na ifoksi wanda ba ya shan ruwa ko mai, ba ya ma bukatar maganin kariya. Yana da tsada, yana saurin daskarewa a wuri mai zafi, kuma sai hannun da ya saba. Ga wanda yake sabon gini, a kicin dai, ina ganin ya cancanci kuɗinsa.

Hunturu yana da nasa sharrin a nan. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma busasshiyar iskar nan tana zuƙe ruwan kafin ya gama aikinsa. Sabon ciko da aka bari a iskar Janairun Sakkwato yakan yi fari da wuri, mutum ya ɗauka ya yi, alhali ya yi laushi. Mun rufe tagogi, kuma zan riƙa bin sabbin layukan da soso mai ɗan danshi safe da yamma na kwana biyu zuwa uku.

Alhamis, 30 ga Janairu

Takardar maganin ta ce a bar sabon ciko awa 48 zuwa 72 kafin a shafa. Siminti kuwa sai ya yi kwana 28 ake ƙidaya ya kai cikakken ƙarfinsa. Na bi tsakani, sabbin layukan za su yi mako guda, tsoffin da aka wanke kuma sun daɗe da bushewa. Don tabbatarwa na manna guntun leda da salatif a kan wani layi tun daren jiya. Da safe babu raɓa a ƙarƙashinta, layin bai yi duhu ba.

Na gwada maganin a ɗakin ajiya, bayan buhunan hatsi. Bai canja launin cikon ba bayan ya bushe. Na kuma bar ɗan kaɗan a kan tayil da gangan don in ga abin da zai yi, ya bar hazo mai danƙo da sai da na sake jiƙa shi da maganin kafin ya gogu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Shafin farko a kicin. Na fara bayan sallar asuba, kafin iska ta taso. Ƙura ce babbar abokiyar gabar wannan mataki. A kwanakin nan ko an share ɗaki, kafin azahar an iya rubutu da yatsa a kan tayil, kuma ƙurar da ta sauka a kan jiƙaƙƙen magani ta zauna ke nan. Na share, na bi da busasshen tsumma, na toshe ƙasan ƙofa da tsohon zane, na bar tagar da ba ta fuskantar iska a buɗe don numfashi. Na kashe gas daga tukunya duk da cewa maganin na ruwa ne.

Da ƙaramin buroshin fenti na yara na yi aikin. Ana tsoma shi a bi layi har ya jiƙe sosai, a bar shi ya sha na minti 5 zuwa 10, sannan a goge duk abin da ya hau kan tayil da busasshen tsumma. A iskarmu minti 10 ya yi yawa, tun wajen minti 5 gefen ya fara kamawa. Saboda haka na rage faɗin wurin da nake ɗauka a lokaci guda zuwa tayil shida ko takwas, na fara daga kusurwar ciki ina ja da baya zuwa ƙofa. Tsoffin layukan da asid ya taɓa ci a baya sun sha magani ninkin sabbin, ana shafawa yana ɓacewa.

Inna ta leƙo ta same ni a durƙushe. Ta ce, "Kai ɗan nan, mi kaka nema ƙasa tun da sahe?" Na yi mata bayani. Ta ce a zamaninsu daɓe suke yi, su shafe shi da ruwan makuba, ya yi ƙarfi ya yi sheƙi, ruwa ba ya cin sa. Na ce, "Inna, ai shi ne nake yi, makubar ce ta canja." Ta sa min albarka ta koma ɗaki. Maganarta ta tsaya min a rai, domin iyayenmu ba su taɓa ɗaukar daɓe a matsayin gamamme ba sai an shafe shi. Mu ne muka karɓi tayil muka bar wannan matakin.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Shafi na biyu. Ya fi sauri kuma bai ci magani ba, yawancin layukan sun ƙoshi. Inda na ga har yanzu yana shanyewa nan take na ƙara masa. An kulle kicin. Ba taka shi da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ba ruwa, har kwana uku.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Gwaji. Ruwa ya tsaya dunƙule a kan layi, bayan minti 10 na goge, babu duhu. Sai na gwada abubuwan da suke ɓata kicin da gaske, a layi biyu, ɗaya a kicin da aka shafa, ɗaya a ɗakin ajiya inda ban shafa ba: manja, soborodo, shayi da ruwan tumatir.

A layin da ba magani manja ya nutse tun ina tsaye, ya bar ja-ja mai rawaya. Soborodo ya ba ni mamaki, bai bar ja ba, ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu. Launinsa yana juyawa in ya haɗu da abu mai kanwa, kuma siminti haka yake. Na tabbata wasu baƙaƙen tabon da muka wanke a gaban firji daga nan suka fito.

A layin da aka shafa, duk abin da na goge cikin minti 10 ya fita tas. Manjan da na bari har bayan la'asar ya bar ɗan inuwa da sai da omo ya fita. Soborodon da ya daɗe shi ma ya bar alama kaɗan, kuma da yake yana da tsami, yana iya cin simintin ko da magani. Wato abin da maganin ke bayarwa lokaci ne, a samu a ɗauko tsumma kafin abu ya nutse. Na faɗa wa uwargida haka ƙarara don kada a saki jiki. Ta ce, "Malam, in dai minti goma ne, ai mun gode Allah. Da ko ƙiftawar ido ba ya ba mu."

Asabar, 15 ga Fabrairu

Banɗaki ya fi ba da wahala saboda ba ya bushewa. Sai da muka koma amfani da na waje na tsawon mako.

Baƙin kusurwoyi fumfuna ce, Hypo da aka tsinka da ruwa ya kashe ta. Na kwashe duk robobin maganin wanke masai daga ciki kafin in fara, domin haɗuwar Hypo da asid tana fitar da iskar kulorin mai guba, kuma na ja kunnen yaran gidan a kan haka.

Farin garin gindin bango wani abu ne dabam. Gishirin siminti ne da ruwa ke narkarwa daga ciki ya fito da shi fili, ruwan ya ƙafe ya bar shi. Alama ce cewa akwai ruwa a bayan tayil. Da an shafa magani a kai, garin zai ci gaba da taruwa a ƙarƙashi. Mai famfo ya bincika ya gano mahaɗin bututu yana ɗiga a cikin bango, aka fasa tayil biyu aka gyara. Wannan bangon na bar shi ba magani sai ya bushe sosai.

Inda bango ya haɗu da ƙasa kuwa na cire cikon gaba ɗaya na sa silikon. Wurin yana motsi da zafi da sanyi, siminti ba ya miƙewa, shi ya sa kullum a nan yake tsagewa. Sauran layukan sun samu shafi biyu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Baranda na wanke kawai. Rana ta fara zafi, tayil ɗin wajen yana ƙona tafin hannu tun hantsi, kuma yawancin magungunan nan an yi su ne don a shafa tsakanin digiri 10 zuwa wajen 30. A kan ƙasa mai zafi maganin zai ƙafe kafin ya shiga. Nan gaba kuma Maris da Afrilu ne, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40. Ga shi ina zargin danshi yana tasowa daga ƙarƙashin barandar da damina. Zan bar ta in ga halinta a ruwan bana, in ta yi lafiya in shafa a Nuwamba.

Asabar, 8 ga Maris

An kama azumi ranar 1 ga wata. Kicin yana shan aiki: ƙosai, soyayyen dankali, kunu, soborodo kullum. Layukan suna nan da launinsu. Mun canja yadda ake goge ƙasa. Ruwa da ɗan sabulun wanke kwanoni kawai, a matse tsumma sosai, a canja ruwan in ya yi dauɗa, a bi da busasshe. Omo mai yawa da Hypo kullum suna rage kwanan maganin. An kuma shimfiɗa ƙaramar tabarmar roba a gaban murhu, ana ɗaga ta kowane dare don kada mai ya kwana a ƙarƙashi.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi, 30 ga Maris. A jajibiri 'yan mata sun yi ƙunshi, kwaɓin lalle ya zuba a ƙofar banɗaki ya kwana ba wanda ya lura. Ya bar ja a layi biyu, wanki ya rage shi amma bai fita duka ba. Zan kankare saman wurin da takardar yashi mai laushi in sake shafawa.

Na maimaita gwajin ruwa a ko'ina. Kicin yana korar ruwa, sai dai a gaban wurin wanke-wanke ɗigon ya fara bajewa maimakon dunƙulewa, don nan ne ƙafa da sabulu suka fi yawa. Na ƙara masa shafi ɗaya da asuba. Masu yin maganin suna cewa a sabunta bayan shekara 1 zuwa 3, amma da yashin da ke shigowa gidajenmu da yawan gugar da muke yi, na fi yarda da kofin ruwa, zan riƙa gwadawa duk wata uku. Bangon banɗakin da aka gyara bututunsa ya daina fitar da farin gari, ledar da na manna ta kwana a bushe, gobe da asuba zan shafa masa. Ragowar maganin ya kai rabin roba, na rufe shi sosai na ajiye a ɗakin da rana ba ta bugu, saboda baranda.